Yadda Ake Zaɓen Ɗan Kwangilar AC Don Shago, Ofis Ko Cibiyar Kwamfuta

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan lokaci, wurin sana'ar da babu sanyi a cikinsa kwastomomi ba sa daɗewa, kayan lantarki kuma su ma suna jin jiki. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce an ƙera iPhone ne don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma zafi na cikin manyan abubuwan da ke rage wa batirin waya kwana. Shi ya sa matashin da ya buɗe shagon sayar da wayoyi, ko cibiyar koyon kwamfuta, ko gidan kallon ƙwallo, ko wurin cin abinci, ba ya daɗewa sai ya fara tunanin sanya na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da AC.

Yawanci hankali yakan tafi ne kan wace na'ura za a saya: LG, Panasonic, Daikin, Hisense, Midea, Gree ko Samsung. Amma na'ura mai tsada da aka girka ba daidai ba za ta riga mai araha mutuwa. Wanda zai auna wurin, ya zaɓi girman da ya dace, ya ja bututu, ya haɗa wuta, shi ne ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi shekaru tana aiki ko kuwa bazara ɗaya za ta gani.

Bambancin aikin gida da na wurin sana'a

A gida, AC kan yi aiki awanni kaɗan, a ɗakin da mutum biyu ko uku ke ciki kuma ƙofa a rufe. A wurin sana'a lamarin daban ne. Na'urar za ta wuni tana aiki kwana shida ko bakwai a mako, ana buɗe ƙofa kowane minti, mutane na shiga da fita, ga fitilu, ga firji, ga kwamfutoci, kowanne yana fitar da zafi.

A Amurka da Ingila ana kiran wannan fanni HVAC, wato ɗumama wuri, shigar da iska mai tsabta, da kuma sanyaya shi. Asalin na'urar ma ba don jin daɗin gida aka ƙirƙire ta ba. A shekarar 1902 injiniya Willis Carrier ya tsara ta ne don wata maɗaba'a a birnin New York, inda danshin iska ke sa takarda ta kumbura, launukan ɗab'i su kauce wa juna. Tun farko dai matsalar kasuwanci ta zo magancewa.

Kafin a nemi ɗan kwangila, yana da kyau mai wurin ya san nau'o'in da za a iya kawo masa. Akwai ta bango mai gida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, wadda ta dace da ƙaramin shago. Akwai ta tsaye da ake gani a bankuna da masallatai. Akwai kaset, wadda ake sakawa a cikin silin tana busa iska ta kusurwa huɗu. Sai kuma tsarin VRF, wanda kamfanin Daikin na Japan ya fara fito da shi a 1982 da sunan VRV, inda babban inji ɗaya a waje ke ciyar da ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da nasa matakin sanyi. Manyan otal-otal da asibitoci kuwa sukan yi amfani da tsarin da ke sanyaya ruwa ya zagaya da shi cikin gini. Makaniken da ya ƙware a kan ta bango ba lallai ba ne ya taɓa taɓa VRF, don haka tambayar farko ita ce: wane irin aiki ya saba yi?

Fara bincike daga wayar hannu

Waya tana sauƙaƙa neman, amma tana sauƙaƙa wa 'yan damfara su ma. A Google Maps ana iya neman kamfanonin AC da ke kusa, a duba adireshi, hotunan wurin da ra'ayoyin waɗanda suka yi hulɗa da su. Ra'ayin da ya fi amfani shi ne wanda ya bayyana aikin da aka yi, musamman abin da ya faru bayan an samu matsala. Idan aka ga yabo da yawa masu kalmomi iri ɗaya, duk an rubuta su a mako guda, sai a yi hattara.

A Facebook, Instagram da TikTok, hoto ba hujja ba ne. Ana iya ɗauko hoton aikin da aka yi a Dubai a ce a Abuja ne. Manhajar Google Lens tana taimakawa wajen gano ko hoton ya taɓa fitowa a wani shafi. Wanda ke nuna bidiyon ma'aikatansa suna aiki, da kayan aikinsu a hannu, ya fi wanda ke ɗora hotunan sababbin na'urori a kwali kawai.

Hanya ta biyu ita ce ta dillalan da kamfanonin ƙera na'urorin suka amince da su. Yawancinsu suna da masu girkawa da suka horar, kuma sau da yawa garanti yana rataye ne a kan wanda ya girka na'urar. Hanya ta uku ta fi kowacce tsufa: a je banki, asibiti ko babban kanti da ke unguwar, inda ake jin sanyi mai kyau, a tambayi mai kula da wurin wa ke yi musu aiki, kuma idan na'ura ta tsaya awa nawa yake ɗauka kafin ya zo. Gani ya kori ji. Daga waɗannan hanyoyi a tara sunaye uku aƙalla, don a samu abin kwatantawa.

Tantance takardu

A Najeriya, hukumar CAC tana da shafin bincike na kyauta a intanet inda ake rubuta sunan kamfani a ga ko yana da rajista, da lambarsa ta RC ko BN, da kuma ko rajistar na aiki. A Nijar, a nemi lambar RCCM da ta haraji, wato NIF. Idan aikin babba ne da ke buƙatar zane da lissafi, a tambayi injiniyan da zai sa hannu lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Su kuma ma'aikatan da za su riƙe kayan aiki, akwai takardun shaida irin na NABTEB ko na gwajin sana'a daga ma'aikatar ƙwadago, akwai kuma ƙungiyar masu sana'ar firji da AC mai suna NARAP.

Takarda kaɗai ba ta girka na'ura, amma tana nuna cewa akwai inda za a je idan magana ta lalace. Bayan takardu, a nemi lambobin mutum biyu ko uku da ya yi wa irin wannan aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Aikin watan jiya bai isa shaida ba, domin kurakuran girkawa sukan bayyana ne bayan na'ura ta ga bazara.

Wanda ya auna kafin ya faɗi farashi

A nan ne ake bambance ɗan kwangila na ƙwarai da mai neman kuɗin cefane. Duk wanda ya faɗi farashi ta WhatsApp ba tare da ya taka ƙafa zuwa wurin ba, zato kawai yake yi. Ƙwararre zai zo da tef ya auna tsawo, faɗi da tsayin silin. Zai duba ko rufin kwano ne ko dakali, ko akwai bene a sama, ina tagogi suka fuskanta, da girman gilashin gaban shago. Bangon da ke fuskantar yamma yana shan ranar la'asar, kuma shi kaɗai zai iya canza lissafi. Zai tambayi yawan mutanen da ke taruwa a lokacin cunkoso, ya ƙirga kayan lantarkin da ke ciki.

Ana auna ƙarfin sanyaya da ma'aunin BTU a kowace awa. A kasuwanninmu an fi cewa HP: na'ura mai 1HP tana ba da kusan BTU 9,000, mai 1.5HP kusan 12,000, mai 2HP kuma kusan 18,000. Kowane wat ɗaya na wutar da kayan lantarki ke ci yana komawa zafi, kimanin BTU 3.4 a awa. Mutumin da ke zaune shi ma yana fitar da zafin da ya kai kusan wat 100.

A ɗauki misalin cibiyar koyon kwamfuta mai kujeru 40. Idan kowace kwamfuta da allonta na cin wat 100, an samu wat 4,000. Ɗalibai 40 sun ƙara wasu 4,000. Jimilla wat 8,000, wato sama da BTU 27,000. Wannan kaɗai ya cinye ƙarfin na'urori uku masu 1HP, alhali ba a ma fara lissafin zafin rana, rufi, bango da buɗe ƙofa ba. Wanda ya kalli faɗin ɗakin kawai ya ce na'ura biyu sun isa, ya bar mai cibiyar da ɗalibai masu fifita da littafi.

Idan na'ura ta yi wa wuri kaɗan, kwamfiresa ba za ta huta ba, wuta za ta tafi, sanyi kuma ba zai samu ba. Idan ta yi yawa, ita ma matsala ce: za ta riƙa tashi tana mutuwa a kai a kai, abin da ke gajiyar da ita, kuma da damina ba za ta samu lokacin cire danshi daga iska ba, sai ɗaki ya yi sanyi mai laima. A nemi ɗan kwangila ya ba da lissafinsa a rubuce.

Tambayoyi uku da suka shafi yankin Sahel

Ta farko ita ce ajin yanayi. Ana gwada na'urorin AC a matakai daban-daban. Ajin T1 ana auna ƙarfinsa ne a zafin waje na digiri 35, shi kuwa T3 a digiri 46. Na'urar T1 da aka kafa a kan rufi a Sakkwato cikin watan Afrilu ba za ta ba da adadin BTU ɗin da aka rubuta a jikinta ba, kuma tana iya kashe kanta da tsakar rana, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Ana samun wannan bayani a takardar da ke manne a jikin injin waje ko a littafin na'urar. A ɗauki hotonta da waya a ajiye.

Ta biyu ita ce wuta. Ƙananan na'urori suna aiki da layi ɗaya mai bolt 230, manya kuma suna buƙatar layi uku. Dole ɗan kwangila ya duba ko wayoyin ginin da bireka za su ɗauki nauyin, ya kuma tambayi girman janareta ko sola. Kwamfiresa ta gargajiya tana jan wuta ninki da yawa a daƙiƙar da take tashi, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa. Mai infata kuwa tana tashi a hankali, sannan ta rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi. A inda wuta ke rawa, a sa sitabilaiza ko na'urar kariya a cikin lissafi tun farko.

Kuɗin wuta ba ƙaramin abu ba ne. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A wannan farashi, na'urori 10 masu cin kilowat 1.2 kowacce, idan suka yi awa 10 babu tsayawa, sun ci yunit 120, wato naira 27,000 a rana ɗaya. Cikin kwanakin aiki 26 kuɗin ya haura naira 700,000. Da irin wannan lissafi ne ake gane cewa araha ba ta ado.

Ta uku ita ce gas. Tsohon gas mai suna R22 yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, kuma ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 ƙasashe masu tasowa za su kusan daina amfani da shi gaba ɗaya nan da 2030. Sayen na'urar R22 a yau, ko da a farashin gwanjo, sayen abin da gas ɗinsa zai ƙara wuya ne. Sababbin na'urori suna amfani da R410A ko R32. Shi R32 yana iya kama wuta kaɗan, R290 kuwa yana kamawa sosai, don haka suna buƙatar wanda aka horar. Ba a cakuɗa wani gas da wani, kuma ba a zuba wa na'ura wanda ba shi aka rubuta a jikinta ba.

Wani lokaci ɗan kwangila na gaskiya zai ce ba AC ake buƙata ba. A babban wuri mai buɗaɗɗun ƙofofi, na'urar sanyaya iska da ruwa, irin wadda ta yawaita a Sudan da Nijar, tana aiki sosai a busasshen zafin bazara kuma ba ta cin wuta da yawa. Sai dai da damina ba ta da tasiri, kuma danshin da take ƙarawa bai dace da ɗakin da ke cike da kayan lantarki ba.

Abin da takardar ƙiyasi za ta ƙunsa

Takardar da ta ce "AC guda biyar da aiki" sannan jimillar kuɗi ba ta kare kowa. Ya kamata a ga sunan kamfanin da ya ƙera na'urar, lambar samfurinta, ƙarfinta a BTU, nau'in gas, tsawon bututu da kaurinsa, girman wayar wuta, ƙarfen ɗora injin waje, hanyar fitar da ruwa, kuɗin aiki, da ranar gamawa. A rubuta ƙarara cewa bututun na jan ƙarfe ne zalla, domin akwai na alminiyam da ake yi wa rufin jan ƙarfe, wanda ke saurin tsagewa a mahaɗa. Da lambar samfurin, cikin minti biyu za a iya duba bayanan na'urar a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Garanti iri biyu ne: na kamfanin da ya ƙera na'urar, da na ɗan kwangila a kan aikin hannunsa. Duka biyun su kasance a rubuce, tare da rasit mai ɗauke da lambar siriyal ta kowace na'ura.

Biyan kuɗi kuma a raba shi kashi-kashi: kafin alƙalami don sayen kaya, wani kaso idan kaya sun iso an duba su, sauran kuma bayan an gwada. A bar wani abu a hannu har sai na'urorin sun yi kwanaki suna aiki. A tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin da aka gani a CAC. Duk abin da aka yi yarjejeniya a kai da baki, a sake rubuta shi a saƙo a tura masa ya amsa. Idan rikici ya taso, waɗannan saƙonni da rasit su ne hujjar da za a kai gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko kotu.

Ranar girkawa

Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya lura da wasu abubuwa. Mafi muhimmanci shi ne famfon zuƙe iska. Bayan an haɗa bututu, dole a zuƙe iska da danshin da ke cikinsa kafin a saki gas, kuma ƙwararru sukan kai ma'aunin zuwa maikiron 500. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su ɗan saki gas ya fesa waje su ce ya kori iskar. Danshin da ya rage yana haɗuwa da man kwamfiresa ya zama asid, ya riƙa cin ta a hankali. Wanda ya zo aiki babu wannan famfo, a dakatar da shi.

Gwajin yoyo kuma da iskar naitirojin ake yin sa. Ba a taɓa amfani da iskar oksijin, domin haɗuwarta da mai tana iya jawo fashewa. Injin waje yana buƙatar sarari ta inda zai fitar da zafi, kuma inuwa ta fi masa. Kada a jera injina suna hura wa juna iska mai zafi, kada kuma a kafa su kusa da hayaƙin janareta ko na kicin. A ɗauki hotunan hanyar da bututu da wayoyi suka bi kafin a rufe silin, don wata rana za su yi amfani.

Da an kunna, a auna iskar da ke shiga na'urar da wadda ke fita. Bambancin kusan digiri 8 zuwa 12 alama ce ta aiki mai kyau. Da ƙaramin ma'aunin zafi na kasuwa ake yin wannan, domin yawancin wayoyi ba su da na'urar auna zafin ɗaki, kuma manhajojin da ke iƙirarin hakan kan nuna zafin batiri ne ko hasashen yanayi. Idan na'urar mai Wi-Fi ce, a sa ɗan kwangila ya haɗa ta da manhajarta, kamar LG ThinQ ko SmartThings ta Samsung, amma da asusun mai wurin, ba nasa ba. Daga nan ana iya tsara lokacin kunnawa da kashewa, a kuma ga ko an bar ta a kunne bayan an rufe shago.

Bayan an gama

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da haƙarƙarin injin waje, sai sanyi ya ragu, cin wuta ya ƙaru. Ma'aikatan wurin za su iya wanke matata da kansu a kai a kai, amma cikakken sabis na ƙwararre ne. Ya fi kyau a ƙulla yarjejeniyar kulawa tun farko, a rubuta sau nawa zai zo a shekara, me zai duba, da awa nawa zai ɗauka idan an kira shi da gaggawa. Ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kankama, shi ne lokacin da ya fi dacewa, don a watan Afrilu kowa neman su yake.

Akwai kuma maganar da ake yawan ji, wai gas ya ƙare. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da ke ƙonewa. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Wanda ke zuwa duk bayan wata uku yana ƙara gas ba tare da ya nemo ramin ya toshe ba, kuɗi kawai yake karɓa.

Ga ɗakin saba, ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta ba da shawarar zafi tsakanin digiri 18 zuwa 27, kuma a irin wannan ɗaki akan sa na'ura biyu su riƙa karɓar juna, don idan ɗaya ta tsaya aiki ya ci gaba. Batun ɗumama kuwa, a yawancin ƙasar Hausa ba a cika buƙatarsa ba, amma masu otal ko asibiti a wurare irin su Jos da Agadas, inda daren hunturu ke da tsananin sanyi, za su iya neman na'ura mai juya aiki, wadda ke sanyaya da bazara ta kuma ɗumama da hunturu. Ba kowace AC ce ke da wannan ba, don haka a faɗa wa ɗan kwangila tun ranar da ya zo awo, ya sa shi a cikin takardar ƙiyasi.